Allurar Gyaran Murya: Yadda Kaya Masu Narkewa Suka Ƙwace Kasuwa

A cikin maƙogwaron ɗan Adam akwai tantani guda biyu waɗanda suke haɗuwa su kaɗa, sannan murya ta fita. Idan jijiyar da ke motsa ɗayansu ta samu rauni, kamar yadda yakan faru a wajen tiyatar maƙoƙo, sai tantanin ya shanye ya bar giɓi. Murya ta dishe ke nan, kuma mai ciwon yakan ƙware ko da ruwa ya kurɓa. Ga ɗan kasuwa ko malamin makaranta, wannan hasarar jari ce.

Maganin da likitoci suka daɗe suna yi shi ne su ɗura wani abu mai kauri da allura a gefen tantanin da ya shanye, ya kumbura ya matso tsakiya, domin ɗan'uwansa mai lafiya ya iske shi. Wani likita Bajamushe, Wilhelm Brünings, shi ya fara da kakin farafin a shekarar 1911. A 1962 aka shigo da Teflon, wanda ya yi shekaru yana cin kasuwa saboda ba ya narkewa. Daga baya wannan ɗorewar ce ta zama aibinsa, domin yakan haifar da ƙullutu mai wuyar cirewa, har likitoci suka juya masa baya.

Dalili na biyu kuwa shi ne jijiyar takan farfaɗo da kanta cikin wata shida zuwa shekara guda. Saboda haka likita ya fi bukatar abin da zai riƙe murya na ɗan lokaci, sannan jiki ya shanye shi. Gelfoam yakan yi mako huɗu zuwa shida, Prolaryn Gel wata biyu zuwa uku, Prolaryn Plus kuwa, mai ɗauke da sinadarin da ke cikin ƙashi, yakan haura shekara.

Abin lura ga masu harkar magunguna shi ne, wasu daga cikin kayan nan sun fi kasuwa a wajen gyaran fuska. Kamfanin Merz na Jamus ya sayi BioForm Medical na Amurka, mai yin Radiesse, a 2010 kan kuɗi kimanin dala miliyan 253. Duk ɗan kasuwar da ke son shigo da irinsu Nijeriya, sai ya yi musu rajista a hukumar NAFDAC, kuma likitan kunne, hanci da maƙogwaro ne ya cancanci yin allurar.