Kalmar "Contamination" Da Randar Uwargida

'Yan'uwana mata, 'yan makaranta kan gamu da kalmar Ingilishi "contamination" a darasin kiwon lafiya. Ma'anarta gurɓacewa, watau ƙazanta ko ƙwayar cuta ta shiga ruwa ko abinci, ko da ido bai gani ba. Daga harshen Latin ta fito, tushenta kuwa "taɓawa" ne.

A 1854 kwalara ta kashe mutum fiye da 600 a wata unguwa a Landan. Likita John Snow ya gano cewa ruwan famfo guda ne ya gurɓace.

To uwargida, hannu ɗaya mai dauɗa ya isa ya ɓata randa. Ki rufe ta, ki ware mata moɗa, ki wanke hannu da sabulu. Rigakafi ya fi magani.