Kaset bai mutu ba: yadda kwamfuta ke sarrafa na'urar ajiyar bayanai

Duk wanda ya girma a Tawa kafin zuwan salula ya san kaset: na wa'azi, na waƙa, da wanda 'yan ci-rani ke aikowa gida daga Abijan. Ya kuma san halinsa. In ana son waƙa ta biyar sai an wuce huɗu, in batir ya yi sanyi a zura bik a juya zaren da hannu.

Kaset ɗin waƙa ya ɓace a kasuwa, amma ɗan'uwansa na ajiyar bayanai yana nan daram. Nau'in da ya fi yaɗuwa shi ne LTO, wanda ya fito a 2000 yana ɗaukar gigabait 100. LTO-9 na 2021 kuwa yana ɗaukar terabait 18 a kan zare mai tsawon kilomita ɗaya da 'yan kai. Manyan kamfanoni na riƙe da shi saboda arha, kuma kaset ɗin da ke kulle cikin kabad ya fi ƙarfin ɓarayin intanet. A 2011, da wasiƙun wasu masu Gmail suka ɓace, daga kaset Google ya maido su.

Sai dai Windows ko Linux, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ba ta jin yaren na'urar kaset kai tsaye. Akwai ƙaramar manhaja a tsakaninsu da ake kira direba, masu Faransanci su ce pilote. Aikinta na tafinta ne: ta karɓi umurni, ta mayar da shi abin da na'urar ke ganewa, wato rubuta, tsaya, koma baya, tsallake. A faifan cikin kwamfuta ana iya dira ko'ina nan take, amma kaset layi ɗaya ne. Shi ya sa idan an gama rubuta ajiya direban ke buga wata alama a kan zaren, kamar turken iyakar gona. Da ƙirga waɗannan turaku ake gano ajiya ta uku ko ta bakwai.

A nan ne masu sabon hannu ke faɗawa rami. A Linux na'ura ɗaya tana da suna biyu, st0 da nst0. In aka yi aiki da na farko, direban na nannaɗe zaren ya koma farko da zarar an gama. In da na biyu ne, sai ya bar shi inda ya tsaya. Ma'aikacin da ya yi ajiyar Litinin da st0, ya sake yin ta Talata da shi, ya rubuta Talata a kan Litinin ke nan, kuma kwamfuta ba za ta ce masa uffan ba. Ba ya ganewa sai ranar da ake neman takardun. Harafi ɗaya tak!

Na'urar kuma ba ta son jira. In bayanai ba sa zuwa da saurin da take buƙata, sai ta tsaya, ta ja baya, ta sake tashi, abin da ke cinye zaren da kan na'urar. Tun 2010 tsarin LTFS ya ɗan sauƙaƙa aiki: yana ware wani gefen zaren don jerin sunayen abin da ke ciki, sai kaset ya bayyana kamar kile USB, ko da yake jiran juyawa na nan.

Ma'aikatar da ke tunanin adana takardun haihuwa ko na filaye ta wannan hanya a Adar, ta fara da tambayar ɗaki. Kaset na ajiyar shekaru na son sanyin da bai wuce digiri 25 ba, babu ƙura, alhali a watan Afrilu zafin Tawa na haura 40. Sannan ta tuna cewa na'urar LTO-9 kaset na 8 da na 9 kawai take karantawa. Wanda ya adana na 5 ya yar da tsohuwar na'urarsa, sai ya shiga neman ta hannu, da direban da zai yarda da sabuwar kwamfutarsa.