3.4 Daidaita Turjiyar Lasifika da Amfilifaya Yayin Haɗa Wufa

A wannan sashe za a yi bayani a kan wata matsala da ke addabar masu sana'ar hayar lasifika a ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, wato ƙonewar amfilifaya ana tsakiyar taro. Sau da yawa wannan na'ura ita ce jarin mai sana'ar gaba ɗaya. Idan ta ƙone masa a wurin biki a Tiga ko Kwanar Ɗangora ko Riruwai, ya yi asarar jingar ranar, sannan ga wahalar neman kayan gyara a Kano. Akan ɗora laifin a kan janareta, alhali kuwa sau tari daga haɗin wayoyi ne.

Abin da ake nufi da turjiya a nan shi ne yadda lasifika ke tauye wutar da amfilifaya ke tura mata. Ana auna ta da om, sunan da aka samo daga masanin nan na Jamus, Georg Ohm, wanda ya bayyana ƙa'idarsa a 1827. Ƙa'idar ita ce, duk lokacin da turjiya ta ragu, wutar da ake ja takan ƙaru. Alal misali, idan amfilifaya na fitar da bolt 20, lasifika mai om 8 za ta ja amfiya 2.5, mai om 4 ta ja 5, mai om 2 kuwa ta ja 10. Wannan ƙarin shi ke zafafa na'urar har ta ƙone.

Wufa, wato lasifikar da ke fitar da kakkauran sauti, tana cin wuta ƙwarai, kuma akasarinta om 8 ne ko 4. Hanyoyin haɗa ta da wasu lasifikoki iri biyu ne:

(a) Haɗin kai-ɗaya: a nan duk lasifikokin na ɗaukar wuta daga baki guda. Biyu masu om 8 sukan koma om 4, huɗu kuma su koma om 2.

(b) Haɗin sarƙa: a nan wuta na ratsa ta farko ta shiga ta biyu. Biyu masu om 8 sukan zama om 16; na'urar ba za ta wahala ba, amma sauti zai ragu.

Idan aka yi la'akari da wannan, za a ga cewa mai amfilifayar da aka rubuta wa om 4 a bayanta, wanda ya jona wufa mai om 4 a kan lasifikoki biyu masu om 8 ta haɗin kai-ɗaya, ya sauko da ita om 2 ke nan. Har wa yau, idan aka game ɓangarori biyu na amfilifaya don su tura wufa ɗaya, kowane ɓangare rabin turjiyar yake gani, don haka wufa mai om 8 ita ta dace da irin wannan na'ura. Bugu da ƙari, zafin bazara da ƙurar hunturu da ke toshe fanka suna gaggauta lalacewar.

A taƙaice, ya wajaba mai sana'a ya karanta abin da aka rubuta a bayan kowace na'ura, ya yi lissafi kafin ya jona, ya kuma ware wa wufa amfilifayarta idan da hali.