Shamuwa, Baƙuwar da Ke Biyan Haƙƙin Masauki

Idan marka ta wuce, gero ya nuna har yara sun fara gasa tumu, mai bin hanyoyin ƙauyukan Sabon Birni da Isa zai ga shamuwa na taruwa garke-garke a fadamun Gulbin Rima da na Bunsuru. Haramar tafiya take yi. Ta iso gab da faɗuwar ruwan farko, ta yi sheƙa da ƙirare a kan tsamiya ko kuka a tsakiyar gari, ta saka ƙwai biyu ko uku, ta kwanta a kansu kamar wata guda, ta yi renon 'ya'yanta kusan wata biyu har suka iya tashi. Zuwa watan Oktoba za ta kama hanyar gabashi da kudancin Afirka, ta Tanzaniya har Zambiya da Zimbabuwe, inda damina ke kamawa daidai lokacin da tamu ke ɗaukewa. Baƙo raɓa ne, in ji Hausawa, amma wannan baƙuwa ba ta tafiya da bashin kowa, kuma alfarmar da Gobirawa suka daɗe suna yi mata hikima ce da ta cancanci a riƙe.

Kamanninta ba ɓoyayyu ba ne: baƙin baya, farin ciki, shuɗiyar fuska a lokacin ƙwai, ga jar gwiwa da jan sawu, abin da ya sa ake cewa kowa ya ga shamuwa da kwushinta ya gan ta. Nauyinta bai wuce kilo 1 da 'yan kai ba, ita ce ƙarama a danginta. Abincinta fara ce da tsutsa da sauran ƙwari, wani lokaci kwaɗo ko ƙadangare. A nan ne amfaninta yake. Watannin da take ciyar da 'ya'yanta su ne watannin da fara ke ƙyanƙyashewa tana cin ganyen gero, daga baya ta hau zangarniya tun ƙwaya na ruwa-ruwa. Duk farar da shamuwa ta haɗiye ba za ta ci amfanin gona ba, ba kuma za ta binne ƙwan da zai tashi baɗi ba. Da magabata suka ce gidan da ta sauka ya yi sa'a, wanda ya taɓa ƙwanta kuma ya jawo wa kansa tsiya, katanga suka gina wa ma'aikaciyar da ba ta karɓar lada. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Wani zai ce wannan camfi ne, tsuntsu ba ya kawo ruwa. Gaskiya ne, ruwa na Allah ne. Sai dai shamuwa na bin damshin iskar da ke hawowa daga kudu, don haka manomin da ya gan ta ya gyara kalmensa alama ya karanta, kamar yadda ake duba hadari. Wani kuma zai ce maganin feshi ya fi ta sauri. Ya fi, amma da kuɗi ake sayensa, kuma dafin da ya kashe fara yana iya shiga cikin mai cin fara, a wayi gari an kori mai gadi an bar ɓarawo. Ƙorafi mafi nauyi shi ne: a yankin da 'yan bindiga suka tashi garuruwa suka hana noma, wa ke da sukunin tunanin tsuntsu? Ran ɗan Adam ne gaba da komai, babu musu. To amma shamuwa kusa da mutane take son yin sheƙa, ita ma zaman lafiyar gari take nema, kuma wanda ya koma gonarsa da ƙaramin ƙarfi shi ya fi kowa bukatar mai kashe masa ƙwari kyauta.

Abin da ake nema bai fi ƙarfin kowa ba. Masu gari da limamai su hana sare manyan itatuwan cikin gari don gawayi, iyaye su tsawata wa yara masu danƙo, malaman gona su koya wa manoma yin feshi daidai misali. A bar wa shamuwa masaukinta, domin rumbunmu na cikin masu cin ribar zuwanta.