Wasannin Kwamfuta Marasa Ƙarshe: Yadda Lokacin Mai Wasa Ya Zama Haja

A watan Satumba na shekarar 2014 ne kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya ba da sanarwar sayen Mojang, wani ƙaramin kamfani na ƙasar Suwidin, a kan kuɗi dala miliyan 2,500. Babbar kadarar Mojang a lokacin ita ce wasan kwamfuta guda ɗaya mai suna Minecraft, wanda Markus Persson ya fara fitarwa a shekarar 2009. A cikin wasan mutum kan sami kansa ne a wata duniya da aka gina da tubala, ya haƙa ƙasa, ya sari itace, ya gina bukka ko birni sukutum, ba tare da kowa ya gaya masa abin da zai yi ba. Akwai wani dodo da ake ɗauka kashe shi ne ƙarshen labari, amma ko an kashe shi duniyar tana nan, aikin ginin kuma bai ƙare ba. Ya zuwa shekarar 2023 an sayar da fiye da kwafi miliyan 300 na wasan.

Da can 'yan kasuwa ba su ga riba a irin wannan haja ba. Lokacin da Will Wright ya ƙirƙiro SimCity, wasan da mutum ke zama magajin gari yana shimfiɗa tituna yana yanka haraji, kamfanonin da ya kai wa tallarsa sun yi ta ja da baya, bisa dalilin cewa wasan da babu cin nasara babu faɗuwa ba zai sami mai saye ba. Sai da shi da Jeff Braun suka kafa kamfanin Maxis sannan wasan ya fito a 1989. Abin da aka ɗauka aibu ne, shi ya zama jarin masana'antar.

Wasan ƙwallon ƙafa da matasa ke biya su buga a shagunan wasan bidiyo yana da busar tashi; in an tashi, sai mutum ya yanke shawara ko zai sake biya ko zai tafi gida. Wasa marar ƙarshe ya cire wannan gaɓa, kuma nan ne asirin jan hankalinsa yake. Mai wasa shi ke ɗora wa kansa buri, kuma kafin ya cimma ɗaya ya riga ya buɗe biyu: yana neman ƙarfe don ya ƙera makami, a hanya ya tsinci kogo, a cikin kogon ya ga alamar lu'ulu'u. Babu lokacin da dukkan ayyukansa suka kammala tare, saboda haka babu lokacin da tashi ya zo masa da sauƙi. Masu buga Civilization, wanda Sid Meier ya fitar a 1991, sun shahara da alkawarin da suke yi wa kansu na ƙara zagaye ɗaya kacal, alkawarin da kan kai su asuba.

Akwai kuma batun sakamako marar tabbas. Tun a tsakiyar ƙarni na 20 masanin halayyar nan B. F. Skinner ya nuna cewa dabbar da ba ta san lokacin da abinci zai faɗo ba ta fi nacewa wajen danna maɓalli fiye da wadda ke samu a kan ƙa'ida. Haƙa ƙasa a Minecraft haka yake. A kan wannan sai a ƙara abin da masana tattalin arziki ke kira kuɗin da ya riga ya nutse, wato wahalar da mutum ke ji wajen barin abin da ya zuba wa dukiya ko lokaci, ko da ci gaba da shi ba zai amfane shi ba. Wanda ya shafe wata shida yana gina birni ba zai bar shi cikin daɗin rai ba, balle in abokansa suna ciki suna jiransa. Sabo, in ji Hausawa, turken wawa ne, sai dai wannan turke ya ɗaure masu wayo da dama.

Ga mai zuba jari, muhimmancin al'amarin shi ne yadda ya sauya hanyar samun kuɗi. A da ana sayar da wasa sau ɗaya ne, ciniki ya ƙare. Grand Theft Auto V na kamfanin Rockstar ya tara dala miliyan 1,000 cikin kwana uku da fitowarsa a 2013, amma abin da ya fi ɗaukar hankalin masu hannun jari a uwar kamfanin, Take-Two Interactive, shi ne sashen wasan na intanet, inda aka shafe fiye da shekara goma ana sayar wa masu wasa kuɗin cikin wasa da kuɗi na gaske, su sayi mota ko gida waɗanda samar da ƙarin ɗaya daga cikinsu kusan ba ya cin kamfanin ko kwabo. Fortnite da Roblox ma kyauta ake shigarsu. Kuɗin yana fitowa ne daga waɗanda suka daɗe a ciki. Shi ya sa rahotannin irin waɗannan kamfanoni ke ba da ƙarfi ga yawan masu shiga a kowace rana da sa'o'in da suka ɓatar, kamar yadda mai gidan haya ke lissafin ɗakunan da ke da mutane.

Ba za a ce duk mai son waɗannan wasanni marar lafiya ba ne, har ma akwai makarantun da ke koyarwa da Minecraft. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta sanya jarabar wasan a jerin cututtukanta da aka amince da shi a 2019 ya kuma fara aiki a 2022, ta taƙaita ma'anar ga wanda ya kasa sarrafa kansa, ya fifita wasa a kan sauran harkokin rayuwa, ya kuma ci gaba duk da illar da yake gani, galibi har tsawon wata 12. Amma kamfanin da ribarsa ta rataya a kan daɗewar mai wasa ba shi da wani dalili na kasuwanci da zai sa ya gina masa ƙofar fita, kuma gwamnatoci sun lura da haka.

A 2018 ƙasar Beljiyam ta ɗauki akwatunan sa'a da ake saye a cikin wasanni a matsayin caca. A farkon watan Agusta na 2021 wata jaridar gwamnatin ƙasar Sin ta kwatanta wasannin intanet da ƙwaya mai sa maye, kuma a ranar hannun jarin Tencent ya faɗi da kimanin kashi 10 cikin 100 kafin ya ɗan farfaɗo. A ƙarshen watan hukumomin ƙasar suka ƙayyade wa 'yan ƙasa da shekara 18 sa'a ɗaya tak, daga ƙarfe 8 zuwa 9 na dare, a ranakun Juma'a, Asabar, Lahadi da ranakun hutu. A Amurka kuwa, a watan Disamba na 2022 kamfanin Epic Games mai Fortnite ya amince ya biya dala miliyan 520 don sasantawa da hukumar kula da cinikayya ta tarayya, inda aka ware dala miliyan 245 daga ciki domin mayar wa masu wasan da aka ce tsarin maɓallan wasan ya sa sun sayi abin da ba su yi niyya ba.