Wa Ya Kashe Gidan Takeda?

A ranar 11 ga wata na uku na shekarar 1582, bisa tsohuwar kalandar Japan, aka ritsa Takeda Katsuyori a wani wuri da ake kira Tano, a gindin dutsen Tenmokuzan. Tare da shi akwai matarsa, da ɗansa Nobukatsu mai shekara 16, da mayaƙa arba'in da 'yan kai. Kafin rana ta faɗi, shi da matar da ɗan duk sun mutu, kuma gidan da ya yi ƙarnoni yana mulkin lardin Kai ya zo ƙarshe.

Abin da ke ɗaure kai shi ne saurin abin. Kwana arba'in kafin wannan rana, mutumin nan shi ke riƙe da Kai, da mafi yawan Shinano, da Suruga, da wani yanki na Kozuke. Ya fita da runduna ta sama da mutum 10,000 don ya ladabtar da wani hakiminsa da ya yi tawaye. Ba a yi wani babban karo da aka karkashe rundunar nan ba. In ka cire gari ɗaya, Takato, kusan babu inda aka tsaya aka yi faɗa na gaske. To ina mutanen suka shiga?

Amsar da kowa ya fi sani ita ce bindiga. A 1575, a Nagashino, Katsuyori da mutum kamar 15,000 ya fuskanci Oda Nobunaga da Tokugawa Ieyasu, waɗanda ake cewa sun zo da kusan 38,000. Sun kafa shingen itace a bayan wani rafi, suka jera 'yan bindiga a ciki, mayaƙan Takeda kuwa suka yi ta kai hari suna zubewa. A nan manyan baraden da suka yi wa mahaifinsa Shingen yaƙi suka kwanta dama: Yamagata Masakage, Baba Nobuharu, Naito Masatoyo, da 'yan'uwa biyu na gidan Sanada. Labarin da ya bazu yana cewa bindiga 3,000 aka jera sahu uku, wannan ya harba ya koma baya, wancan ya matso. Sai dai wannan bayani na sahu uku ya fito ne daga littafin Oze Hoan, wanda aka rubuta shekaru da yawa bayan yaƙin, kuma masana tarihi na yau ba su cika yarda da shi ba. Su ma Takeda suna da bindigogi. Inda aka fi su shi ne albarushi da dalma, domin tashar jiragen ruwa ta Sakai, inda waɗannan kaya ke shigowa daga ƙetare, tana hannun Nobunaga.

Babu shakka Nagashino babban rashi ne. Amma lissafin shekaru bai yarda a ɗora mata laifin duka ba. Tsakaninta da Tano kusan shekara bakwai ne. A cikin waɗannan shekaru Katsuyori ya sake gina rundunarsa, ya ci gaba da yaƙi, har a 1580 hakiminsa Sanada Masayuki ya ci masa garin Numata a Kozuke. Gidan da ke cin sababbin garuruwa shekara biyar bayan an ce an kashe shi, ba a Nagashino ya mutu ba.

Sai a koma cikin gida. Tun asali ba Katsuyori aka shirya wa gadon ba. Mahaifiyarsa 'yar Suwa Yorishige ce, wanda Shingen ya ci da yaƙi a 1542 ya tilasta masa kashe kansa, sannan ya ɗauki 'yarsa. Yaron da aka haifa an yi niyyar ya gaji gidan Suwa ne, wato ya zama ɗaya daga cikin hakiman Takeda kamar kowa. Magajin gaske shi ne wansa Yoshinobu, wanda ya saɓa da uban, aka tsare shi, ya mutu a 1567. Da Shingen ya rasu a 1573, dattawan fada suka wayi gari suna durƙusa wa wanda jiya-jiya tsaransu ne, kuma jikan abokin gaba. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa Katsuyori yake ta neman abin da zai nuna bajinta. A 1574 ya ci ganuwar Takatenjin da ke Totomi, wadda ake cewa ta gagari mahaifinsa. A riƙe sunan nan, za mu dawo kansa. Duk da haka, raunin asali bai isa amsa ba, tunda shekara tara hakiman suka yi suna binsa, har da shekarun da suka biyo bayan babbar asara.

Amsa ta uku tana arewa. A 1578 maƙwabcinsa na arewa, Uesugi Kenshin, ya mutu bai bar ɗa na cikinsa ba, 'ya'yan riƙonsa biyu, Kagekatsu da Kagetora, suka kama yaƙin gado. Kagetora ɗan gidan Hojo ne, ƙanen Hojo Ujimasa. Shi kuwa Katsuyori bai daɗe da auren ƙanwar wannan Ujimasa ba, don ƙarfafa ƙawance da maƙwabcinsa na gabas. Ujimasa ya nemi surukinsa ya je ya taimaki Kagetora, Katsuyori ya tashi da runduna. A hanya Kagekatsu ya aiko da tayin sulhu, da zinariya, da alƙawarin ba da ƙasa. Katsuyori ya karɓa, ya gwada sasanta 'yan'uwan biyu, abin bai ɗore ba, ya juya gida saboda Ieyasu ya taso masa ta kudu. A 1579 Kagetora ya mutu. Ujimasa bai yafe ba. Ya yanke ƙawancen, ya haɗa kai da Ieyasu, daga baya da Nobunaga. A ganina wannan ne kuskure mafi tsada a rayuwar Katsuyori, domin ya sayar da aboki mai ƙarfi ya sayi wanda yaƙin gida ya gajiyar. Daga nan gidan Takeda yana da abokin gaba a yamma, da kudu, da gabas, kuma runduna ɗaya ce tal.

Amma ko wannan bai gaya mana dalilin da ya sa mutane suka watse ba tare da faɗa ba. Wanda aka kewaye yakan yi faɗa ne fiye da kowa. Don a gane abin, dole a duba irin igiyar da ta ɗaure hakimi da ubangidansa a Japan ta wancan zamani. Yawancin masu riƙe da garuruwan kan iyaka ba barorin gida ba ne. Masu ƙasa ne tun kaka da kakanni, da mayaƙansu da manomansu. Sukan yi caffa ga babban sarkin yaƙi, su ba shi mayaƙa da 'yan ƙwadago, su ajiye uwa ko ɗa a wurinsa a matsayin jingina. Abin da suke karɓa a madadin duk wannan abu ɗaya ne: ranar da aka kewaye garinka, ubangida zai zo da ɗauki. In ya zo aka ci shi da yaƙi, ƙaddara ce. In bai zo ba, caffar ta warware.

Yanzu sai mu koma Takatenjin. A 1580 Ieyasu ya kewaye ta da ƙananan sansanoni, ya toshe duk hanyar abinci. A ciki akwai Okabe Motonobu da mayaƙan da aka tattaro daga sassa daban-daban na ƙasar Takeda. Suka aika neman ɗauki. Katsuyori bai motsa ba. Hojo na jiransa a gabas, kuma a daidai lokacin yana neman sulhu da Nobunaga, ba ya son abin da zai ɓata maganar. Da yunwa ta yi tsanani, mutanen ciki suka nemi su miƙa wuya a bar su da rai.

A nan ne wata wasiƙa ta warware ƙullin. A farkon 1581 Nobunaga ya rubuta wa Mizuno Tadashige, wanda ke wurin kewayen, yana nuna kada a karɓi miƙa wuyan. Dalilinsa a fili yake: in Katsuyori ya zo, a murƙushe shi a fili, in kuma bai zo ba ya bar mutanensa suka mutu, sauran garuruwansa za su daina yarda da shi. Ba ganuwar yake so ba, sunan Katsuyori yake so ya kashe. A wata na uku na 1581 waɗanda suka rage suka buɗe ƙofa suka afka wa masu kewayen, aka kashe kusan 700, har da Okabe. Tunda daga ko'ina aka ɗebo su, makoki ya shiga kowane lardi, kuma tare da makokin labari ya shiga, cewa ubangida bai zo ba. Duk lokacin da na zo wannan gaɓa sai tausayin mutanen nan ya kama ni, domin an ƙi karɓar miƙa wuyansu ne don a isar da saƙo ga wasu.

Sauran abin ya zo da gudu. A wannan shekarar Katsuyori ya fara gina sabon babban birni, Shinpu, kusa da Nirasaki ta yau, ya ɗora wa hakiman da suka riga suka gaji nauyin katako da 'yan aiki. A farkon wata na biyu na 1582 Kiso Yoshimasa, mijin 'yar Shingen, mai tsaron hanyar duwatsu ta yamma, ya koma wajen Oda. Katsuyori ya kashe jinginarsa, har da tsohuwar mahaifiyarsa, abin da bai tsoratar da kowa ya dawo ba. Oda Nobutada, ɗan Nobunaga, ya shigo Shinano. A tsakiyar watan dutsen Asama ya yi aman wuta, mutane suka ɗauke shi alamar cewa sama ma ta juya baya. Garuruwa suka riƙa buɗe ƙofa ko masu tsaro su gudu da dare. Sannan Anayama Baisetsu, ɗan 'yar'uwar Shingen kuma mijin 'yarsa, wanda ke riƙe da Suruga, ya sa aka sulale da iyalinsa daga Kofu, inda ake riƙe da su jingina, ya bi Ieyasu. Wanda ya iya kwashe jinginarsa tun kafin ya bayyana, ya daɗe da yanke shawara.

Nishina Morinobu, ƙanen Katsuyori, shi kaɗai ya tsaya a Takato, ya ƙi miƙa wuya, aka ci garin a ranar 2 ga wata na uku, ya mutu a ciki. Washegari Katsuyori ya cinna wa Shinpu wuta tun ba a gama gina ta ba, ya fita da 'yan ɗaruruwan mutane, mata da yara a cikinsu, wasu a ƙasa suke tafiya cikin duwatsu. Ya nufi Iwadono, garin Oyamada Nobushige, ɗaya daga cikin tsofaffin hakiman gidan. A mashigar Sasago ya tarar Oyamada ya rufe masa hanya. Kullum dare sai wasu su sulale, har aka kai ga arba'in ɗin nan na Tano.

Oyamada bai ci ribar abin da ya yi ba, domin mutanen Oda sun kashe shi da iyalinsa a cikin watan. Shi kansa Nobunaga bai cika wata uku ba aka kashe shi a Honnoji. Mayaƙan da suka watse kuwa yawancinsu suna nan da ransu a ƙauyukan Kai da Shinano, suna jiran wanda zai iya kare su. Ieyasu ya gane haka. Kafin shekarar ta ƙare, sama da tsofaffin mayaƙan Takeda 800 suka rubuta masa rantsuwar biyayya. Ya ba hakiminsa Ii Naomasa wasu daga cikinsu, har da mutanen Yamagata Masakage, ya sa su ci gaba da sa jan sulken da aka san su da shi, kuma a 1584 suka yi masa yaƙi a Nagakute.