Daga sabara zuwa ƙwayar magani: abin da ke tsakanin kasuwa da ɗakin gwaji

A dazukan Gwandu da Kalgo sabara ba baƙuwa ba ce. Ana dafa ganyenta domin tari, zazzaɓi da ciwon ciki, kuma ilimin magani tsohon gado ne a yankin: Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1829, ya taɓo lafiyar jiki a littafinsa Masalih al-Insan.

Sabara ta shiga ɗakin gwaji ma. A 2005 masu bincike daga Burkina Faso suka ba da rahoton cewa sinadarin da aka tatso daga ƙullutun da ke fitowa a jikinta ya dakushe yaɗuwar bairos mai sa kaji ƙuraje. Sai dai an yi gwajin ne a kan ƙwayoyin halitta cikin kwalba. Bairos kuwa a cikin ƙwayoyin jikin mai ɗauke da shi yake hayayyafa, don haka abin da zai kashe shi yana iya cutar da jikin.

Mayar da tsiro ƙwaya aiki ne mai wuya. Ana jiƙa ganye, a tace, a busar da ruwan ya zama gari, a haɗa da sitaci ko ƙaro domin ya kama, sannan inji ya matse. Garin tsiro yana da jan danshi, sai ƙwayar ta lalace a damina. Idan an matse ta da yawa ba za ta narke a ciki ba. Ƙa'ida ita ce ƙwaya marar rufi ta wargaje cikin minti 15. Babbar matsalar ita ce awo, domin ƙarfin ganyen da aka tsinka da rani ba ɗaya yake da na damina ba.

Najeriya ta ga darasin a 2020, lokacin da Madagaska ta aiko da jiƙon tazargade a matsayin maganin korona. Cibiyar NIPRD da ke Abuja ta bincika, ba ta samu hujjar yana warkar da cutar ba.

Mai ciwon hanta da aka tallata masa ƙwayar gargajiya yana da abin dubawa. Lambar da NAFDAC ke fara bai wa irin waɗannan magunguna shaida ce ta cewa an gwada ko suna da guba. Tabbatar da warkarwa sai an yi gwaji a kan marasa lafiya.